Dila a Bayan Gida: Rigimar da Ta Raba Maƙwabta a Landan

Daren da na fara jin kukan, na ɗauka wata baiwar Allah ake yi wa kisan gilla a bayan layinmu. Watan Janairu ne, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, wajen ƙarfe biyu na dare. Ihu ne siriri mai tsawo, ya yanke, ya sake tashi. Har na laluɓo waya zan kira 'yan sanda, sai na leƙa ta taga na ga ko gida ɗaya bai kunna fitila ba. Da gari ya waye na tambayi maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta haura shekara talatin a unguwar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce diloli ne, lokacin barbararsu ne ya zo, in yi haƙuri zan saba.

Da ihun kam na saba. Ɓatan takalma ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da muka taso ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, har can muka kai al'adarmu. Wata safiya cikin watan Yuni na fito ban ga ƙafa ɗaya ta takalmin fatar da na taho da shi daga Kano ba. Sai bayan kwana uku na tsince ta a gindin shinge, an tauna maɗaurin kamar ganda. 'Ya'yan dila ne ke wasa da ita, don ƙanshin fata da gumin ƙafa na jan su. Ni ma da sauƙi. A 2020, a unguwar Zehlendorf ta birnin Berlin, an bi sawun wani dila aka tarar ya tara takalman mutane kusan 100 a maɓoyarsa.

A gyara suna kafin a yi nisa. Dabbar da ake magana, wadda Turawa ke kira fox, ba dilan dajinmu ba ne, ya fi kusa da yanyawa. Ja ne, da farin ƙirji da doguwar jela mai gashi buzu-buzu, nauyinsa bai cika wuce kilo 5 zuwa 7 ba. Idan ka gan shi a jiƙe da ruwan sama za ka sha mamakin ƙanƙantarsa, kaɗan ya ɗara ƙaton muzuru. To amma da yake shi Turawa suka naɗa sarautar wayo a tatsuniyoyinsu, kamar yadda muka ba namu malantar daji, bakinmu ya fi saurin cewa dila. A haka zan bar shi.

Gari ne ya fara zuwa wurin dila. A shekarun 1930, tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, biranen Ingila suka yi ta faɗaɗa suna cinye gonaki da dazuzzukan da ke kewaye da su. Irin gidajen da aka gina a lokacin su ne suka gyara masa zama: gida biyu manne da juna, kowanne da doguwar farfajiya a baya mai ciyawa da furanni, ga shinge, ga ɗan ɗakin katako na ajiye kayan aiki a can ƙarshe. Ƙarƙashin wannan ɗaki mace ke haƙa rami ta haihu. Ga gefen layin dogo da ba mai bi, ga maƙabartu, ga filayen wasa. Dilolin da gine-gine suka yi wa ƙawanya ba su gudu ba, da suka ga wurin ya karɓe su ma sai suka yi ta kutsawa har tsakiyar gari. Shi ya sa nake murmushi idan na ji ana cewa dokar hana farauta da karnuka ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a Fabrairun 2005, ita ta cika birni da diloli. Sun riga dokar shiga Landan da wajen shekara saba'in, kuma mahayan nan masu jajayen riguna da ke farautar dila da karnuka a karkara suke sukuwa tun asali, ba a titunan unguwar Peckham ta Landan ba.

Kutsawar ta kai inda ba a zato. A 2011, ana cikin ginin dogon benen nan na Shard da ke Landan, aka tarar da wani dila yana zaune a hawa na 72, yana rayuwa da ragowar abincin magina. A 2022 kuma kyamara ta ɗauki Larry, kyanwar fadar firaminista, yana korar wani a titin Downing.

Nawa ne su? A nan ake fara gardama. Ƙiyasin da aka yi a shekarun 1990 ya ce dilolin birane a Birtaniya sun kai 33,000. A 2017 Dawn Scott ta Jami'ar Brighton da Phil Stephens na Jami'ar Durham suka fito da adadin kusan 150,000 a Ingila. Jaridu suka yi ta kururuwa cewa sun ninka sau huɗu da ɗoriya. Sai dai ba da mudu ɗaya aka yi awon biyu ba, kuma wani babban kaso na ƙaruwar ya zo ne daga garuruwan arewacin ƙasar da a da ba su da diloli, yanzu sun samu. A lissafin na 2017, Bournemouth ce kan gaba da 23 a kowane murabba'in kilomita, Landan 18, Bristol 16, Newcastle 10. Wato a Landan, idan ka tsaya a ƙofar gidanka, da wuya a ce babu dila a tazarar tafiyar minti biyar.

Rayuwar tasu gajera ce. Barbara a Janairu, ciki na kwana 52 ko kusa da haka, haihuwa a Maris, 'ya'ya huɗu ko biyar. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu su fara fitowa wasa, a nan ne furanni ke shan tumurmusa. Da kaka ta yi, matasan su watse neman nasu wurin, a nan ne motoci ke kwasar rabonsu. Dilan da zai iya haura shekara goma idan a killace yake, a birni da ƙyar yake cika biyu. Mota ce babbar ajalinsu.

Amma rigimar gaske ba tsakanin mutum da dila take ba, tsakanin gida mai lamba 14 ne da mai lamba 16. Dattijuwar nan maƙwabciyata tana cikin masu ciyarwa. Kullum da magariba sai ta fito da kwano, ragowar kaza, abincin kare na gwangwani, wani lokaci ƙwai. Ta raɗa wa kowanne suna, ta san mai yagaggen kunne, ta san mai ɗingishi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta na nesa, sai ka ga duk yini wannan ne abin da take jira. Ta ɗaya gefen kuma akwai magidanci mai yara ƙanana biyu, wanda kusan kowace safiya sai ya kwashe kashin dila daga inda yaran ke wasa. Wanda bai taɓa jin warin kashin nan ba ba zai gane ɓacin ransa ba, baƙi ne, mai murɗaɗɗen tsini, kuma da gangan dila ke ajiye shi a fili, kan dutse ko bakin ƙofa ko kan abin wasan yara, domin da shi yake shaida wa 'yan'uwansa cewa wurin yana da mai shi. Mu masu shimfiɗa darduma a farfajiya idan bazara ta yi, mun san wahalar neman wurin da babu najasa. Shekara biyu mutanen nan biyu ba sa ga-maciji, alhali kowannensu idan ka zauna da shi sai ka ga da hujjarsa.

Masu adawa suna da abin da suke nunawa, kuma ba ƙarya ba ne. A watan Yunin 2010, dila ya shiga wani gida a unguwar Hackney ta Landan ta ƙofar da aka bari a buɗe saboda zafi, ya hau bene, ya ciji wasu tagwaye mata 'yan wata tara a gadonsu, sai da aka kwantar da su a asibiti. A Fabrairun 2013 aka sake yin irinta a kudu maso gabashin Landan, jariri ɗan wata guda, har yatsa ya cire, likitoci suka mayar. Boris Johnson, wanda ke magajin garin Landan a lokacin, ya fito yana kira ga ƙananan hukumomi su tashi tsaye. Duk uban da ya ji wannan labari dole gabansa ya faɗi. Sai dai a sa shi a sikeli. Cizon kare na kwantar da dubban mutane a asibitocin Ingila kowace shekara, wasu har su rasa ransu, amma na dila da ya yi muni irin haka ana iya ƙirga shi da yatsu tsawon shekaru. Dalilin da ya sa har yau ake tuna na Hackney ke nan, don ba a saba gani ba.

To me ya hana a kashe su a huta? An gwada. Tun daga shekarun 1940 ma'aikatar gona ta fara harbe dilolin Landan, daga baya ƙananan hukumomi suka karɓa, aka shafe shekaru ana zuba kuɗi, aka gaji aka bari. Sirrin yana cikin yadda dila ke zama. Kowane iyali na da huruminsa, yana zagaya shi kowane dare yana sa alama da fitsari da kashi, baƙo bai isa ya zauna ba. A gefe kuma kullum akwai matasa marasa wuri suna yawo suna sunsuna iyaka. Ranar da ka ɗauko mai bindiga ya kashe na bayan gidanka, alamar ta dushe, cikin 'yan kwanaki wani ya tare. Ƙari a kan haka, a iyalin da ya cika yawanci mace ɗaya ce ke haihuwa, sauran na taya ta reno. Idan aka rage su, abinci ya wadata, matan da a da ba sa haihuwa sai su fara. Dabbar da mota ke kashe mata kaso mai yawa duk shekara kuma take mayar da gurbi, ba 'yan harbe-harben ɗan kwangila ne za su gama da ita ba. Ka biya kuɗi mai tsoka, ka sayi hutun mako guda.

Abin da ya taɓa karya su da gaske cuta ce, kuma labarin ya fi kowanne koyarwa. A Bristol, Farfesa Stephen Harris ya fara bibiyar dilolin birnin tun 1977, yana sa musu alama a kunne da na'ura a wuya, har binciken ya zama mafi daɗewa irinsa a duniya. A farkon shekarun 1990, wani sashe na arewa maso yammacin birnin ya kai manyan diloli kusan 37 a murabba'in kilomita ɗaya, cunkoson da ba a taɓa gani ba. Dalili kuwa a fili yake, kusan gida ɗaya cikin goma yana ajiye musu abinci. Da abinci ya yi yawa sai hurumin kowane iyali ya tsuke, iyalai suka yi yawa, kowa na gogar kowa. A 1994 ƙazuwa ta shigo. Ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ke huda fata ya yi ƙwai, dabbar ta yi ta susa har gashi ya zube, fata ta tsattsage, sanyi da yunwa su ƙarasa ta cikin 'yan watanni. Cikin shekara biyu fiye da kashi 95 cikin 100 na dilolin Bristol suka mutu. Waɗanda suka tsira suka faɗaɗa huruminsu zuwa inda maƙwabta suka bari, kuma sai da aka ɗauki shekaru masu yawa kafin adadin ya farfaɗo.

Dubi abin da wannan ke nunawa. Masu ƙaunar diloli, da kwanukansu na magariba, su ne suka tara su wuri guda har cutar ta samu hanyar bi. Abin da bindiga ta kasa cikin shekaru talatin, alheri ya share wa ƙazuwa fage ta yi shi cikin biyu. Ban faɗi haka don in ci fuskar dattijuwar ba, ina dai ganin nan ne ƙullin maganar yake.

A nawa ganin, kwanon ma ba shi ne babban laifi ba. Hannu ne. Akwai bambanci tsakanin wanda ya watsa ɗan abinci kaɗan a ƙarshen lambu ya koma ciki yana kallo ta taga, da wanda ke durƙusawa yana miƙa tsoka dila na karɓa daga yatsunsa, ko yana yaudararsa ya shigo kicin don a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Dilan da ya koyi cewa hannun mutum abinci ne kuma ƙofa a buɗe gayyata ce, ba ya tantance gidan mai ƙaunarsa da gidan mai jariri. Gobe zai tunkari wani hannun da ba kowa a cikinsa sai yatsu. Kuma idan abin ya ɓaci, shi za a harbe, mai bidiyon na zaune lafiya. Hatta ƙungiyoyin da ke jinyar diloli, irin su Fox Project, shawararsu ke nan: kada a ba su da hannu, kada a saba musu da shiga ɗaki, kada a cika kwano.

Shin zaman birni yana sauya su? Alamu sun nuna haka. A 2020 Kevin Parsons na Jami'ar Glasgow da abokan aikinsa suka auna ƙoƙon kan dilolin Landan da na ƙauyukan kewaye, suka tarar na birni bakinsu ya fi gajarta da faɗi, mazaunin ƙwaƙwalwa ya ɗan ƙanƙance, bambancin namiji da mace ya ragu. Irin sauye-sauyen da ake gani ke nan a dabbobin da suka daɗe tare da mutum, abin da ya sa aka tuno da gwajin da Dmitri Belyaev ya fara a Novosibirsk ta ƙasar Rasha a 1959, inda aka yi ta zaɓen diloli masu sanyin hali ana haɗa su har jikokinsu suka koma kaɗa jela kamar karnuka. Dogon siririn baki na cafke ɓera a ciyawa ne, gajere mai ƙarfi kuwa ya fi dacewa da tauna ƙashin kazar da aka yar a bakin shagon abinci. Wani binciken na Blake Morton daga Jami'ar Hull, a 2023, ya ajiye akwatunan abinci masu wuyar buɗewa a wurare da dama a Ingila da Scotland. Dilolin birni sun fi na ƙauye ƙarfin halin taɓa akwatin, amma ba su fi su iya buɗewa ba. Ashe malamin dajin da ya shigo birni rashin kunya ya ƙaro, ba karatu ba.

Batun cuta ga mutane kuwa, Birtaniya ta yi sa'a. Tun 1922 ta rabu da ciwon haukan kare a dabbobin da ke yawo a ƙasa. A nahiyar Turai diloli ne suka riƙa yaɗa shi bayan yaƙin duniya na biyu, kuma can ma kisa bai yi magani ba, sai da Suwizalan ta fara dabarar cusa rigakafi a cikin kawunan kaji tana watsawa a daji a 1978, sauran ƙasashe suka bi. Abin da ya rage a Ingila shi ne tsutsar ciki da ke cikin kashinsu, irin wadda ke cikin na kare da kyanwa, sai ƙazuwar da kare kan iya ɗauka, da wata tsutsar huhu da ita ma karnuka take kamawa. Safar hannu, ruwa da sabulu, da rufe ramin yashin wasan yara sun wadatar. Babbar kyanwa mai lafiya ba kasafai dila ke tunkararta ba, sau da yawa ma shi ke kaucewa. Zomo da kaji ne ba su da mataimaki sai keji mai ƙarfi. Wayar kaji ta gama-gari yaga ta yake yi, sai mai kauri, a binne gindinta a ƙasa don yana haƙa, a rufe sama don yana haura katangar da ta kai tsayin mutum.

Doka ta bar kowa a tsakiya, shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa. Dila ba ya cikin dabbobin da aka haramta kashewa, mai gida na iya ɗauko ƙwararre ya kama shi a keji ya harbe. Amma guba haramun ce. Toshe rami da 'ya'ya a ciki da duk wani azabtarwa kuwa, dokar kare dabbobin daji ta 1996 ta haramta su. Wanda ya kama shi da rai kuma, alhakinsa ya hau kansa bisa dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, don haka kwasarsa a mota a kai shi daji a saki, abin da mutane ke ɗauka tausayi ne, jefa shi ne cikin hurumin wasu inda bai san ko'ina ba. Ƙaramar hukuma kuwa babu dokar da ta tilasta mata yin komai. Idan ka kira, takardar shawarwari za a turo maka. Ciyarwa ma ba laifi ba ce, sai idan ta kai ga tara ɓeraye ko damun jama'a.

Takardar shawarwarin, duk da haushin da take ba mutane, gaskiya ta faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A titin da ake ajiye shara a baƙar leda, da asuba za ka tarar an yi watsa-watsa da ita, a titin da ke da manyan kwandunan roba masu murfi kuwa shiru kake ji. Takin da ake haɗawa da jini da garin ƙashi da kifi, wanda masu furanni ke so, shi ke sa dila ya tone tukunya yana neman gawar da hancinsa ya ce masa tana nan. Tonon ciyawa bayan ruwan sama kuwa tana yake nema, don tana da ƙwari da 'ya'yan itacen da suka faɗo suna cikin manyan abincinsa, tare da ɓeraye da tattabaru, aikin da ba wanda ke gode masa a kai. Ramin ƙarƙashin ɗakin katako a toshe shi tsakanin kaka da farkon hunturu, bayan an tabbatar ba kowa ciki, ba a watan Afrilu ba. Akwai kuma na'urar da ke fesa ruwa idan ta ji motsi, wadda na ga ta fi duk magungunan wari da ake sayarwa aiki.

Ita ce ma ta kawo sauƙi a layinmu. Magidancin ya kafa ta a gefen da yaransa ke wasa, ya toshe ɓular da ke gindin shingensa. Dattijuwar kuma, bayan 'yarta ta zo hutu ta yi mata magana, ta rage kwanon zuwa rabi, ta mayar da shi can ƙarshen lambu, ta daina barin ƙofar kicin a buɗe. Ba su koma abokai ba, amma na ga sun gaisa ranar kwasar shara. Da Babbar Sallah da ta wuce muka gasa nama a farfajiya, na ɗaure ƙasusuwan a leda biyu na danna cikin kwandon na ɗora bulo a kan murfin. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na leƙa, sai ga mai yagaggen kunnen nan a tsaye kan katanga. Ya sunsuna iska, ya dubi kwandon, ya dube ni ta gilashi ba ko gezau, sannan ya dira ta wancan gefen. Takalmana suna ciki, a bayan ƙofa.